Gabooye, Tumal da Yibir: Ina Ƙyamar Masu Sana'a ta Samo Asali a Somaliya?

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Assalamu alaikum. Na ji an ce a Somaliya akwai mutanen da ba a ba su aure, wasu ma ba sa cin abinci kwano ɗaya da su, don kawai kakanninsu maƙera ne ko dukawa, alhali duka Musulmi ne masu harshe ɗaya. Su wane ne? Asalinsu bayi ne?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, amma ba bayi ba ne. Kada ka haɗa su da mutanen da ake kira Jareer, manoman bakin kogin Juba da Shabele, waɗanda wasu daga cikin kakanninsu aka kawo ta hanyar cinikin bayi na Zanzibar a ƙarni na 19. Waɗanda kake tambaya a kansu kamanninsu ɗaya da sauran Somaliyawa, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. A da ana haɗa su duka da sunan “sab”, su kuma manyan zuri'o'in makiyaya irin su Darod, Hawiye, Isak da Dir suna kiran kansu “gob”, wato masu asali.

Kashi uku ne. Mafi yawa su ne Gabooye, waɗanda suka haɗa da Madhiban da Muse Dheriyo. Tsofaffin littattafai suna kiransu Midgan, amma yau wannan kalma zagi ce, kada ka faɗe ta gaban ɗayansu. Aikinsu farauta, jima, ɗinkin takalma, aski da kaciya. Matansu kuma ungozomanci da ginin tukwane. Ita kalmar gabooye ma'anarta kwari, wanda maharbi ke zuba kibau. Makiyayi yana alfahari da mashi, baka da kibiya kuwa nasu ne, kuma su suka san dafi: a sassare saiwa da itacen wata bishiya, a dafa a ruwa tsawon sa'o'i har ya yi kauri ya yi baƙi kamar kwalta, sannan a shafa a bayan kan kibiya, kamar yadda maharbanmu ke yi da kwankwani. Sunan dafin waabaayo, kuma daga nan Turawa suka samo sunan wani maganin zuciya da suka tace daga wannan bishiya.

Na biyu Tumal, maƙera. Sunan daga “tum” ne, wato duka ko bugu. Su ke ƙera mashi, wuƙa, gatari da linzami. Na uku Yibir, su ne mafi ƙaranci, aikinsu layu da tsibbu da sa albarka ga jarirai.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Tudun Wada: To in jini ɗaya ne, me ya jawo aka ware su? An ce laifin kakansu ne.

Malama, abin da ake faɗa ke nan, kuma ya kamata a ji labaran kafin a auna su.

Game da Madhiban, ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce wasu 'yan'uwa biyu ne yunwa ta kama a daji, suka ci mushe. Da suka isa inda akwai abinci, ɗaya ya amayar da abin da ya ci, ɗayan ya ƙi, sai aka yanke zumunta da shi da zuriyarsa. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san labarin nan bai tsaya da ƙafarsa ba. Aya ta 173 a Suratul Baƙara ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta tilasta wa cin mushe, babu kuma inda aka wajabta masa amayarwa, balle a ɗora wa jikokinsa.

Na Yibir ya fi tsawo. An ce kakansu, wanda ake kira Muhammad Hanif ko Bu'ur Ba'air, mai sihiri ne da ke mulkin wani yanki, har Shehu Yusuf al-Kaunain, wanda aka fi sani da Aw Barkhadle, ya zo ya ƙalubalance shi. Ya ratsa wani dutse sau biyu ya fito ta ɗaya gefen. A karo na uku Shehun ya yi addu'a, dutsen ya haɗe da shi. 'Ya'yansa suka nemi diyya, aka ba su zaɓi, ko a biya su gaba ɗaya ko a riƙa biyansu har abada, suka zaɓi na biyu. Wai shi ne asalin samanyo, kyautar da ake ba Bayibire duk lokacin da aka haifi ɗa namiji. Idan ya karɓa, sai ya ba uwar wata 'yar laya da ake ɗaura wa jaririn, ita ce shaidar an biya, kada wani Bayibiren ya sake zuwa nema. Hubbaren Shehun yana nan a hanyar Hargesa zuwa Berbera, ana ziyartarsa har yau. Lura da abin da labarin ke yi: ya mai da kyauta ta zama bashi, ya mai da mai karɓa abin tsoro. Akwai kuma masu cewa Yibir jikokin Yahudawa ne saboda sunan ya yi kama da Ibraniyawa. Kamannin sauti ne kawai, babu wata hujja a addininsu ko harshensu da ta tsaya a kan haka.

Wasu masana na farko sun ɗauka waɗannan masu sana'a ragowar mafarautan da makiyaya suka tarar a ƙasar ne. Hakan na iya zama gaskiya ga wasu gidaje, amma harshe bai goyi bayansa sosai ba. Wani hafsan Ingila, J. W. C. Kirk, ya tattara kalmomin Yibir da na Madhiban a littafin nahawun da ya buga a 1905, abin da ya fito kuwa shi ne nahawun na Somaliyanci ne, kalmomi kawai aka sauya ko aka juya don kada ubangida ya gane, irin zaurancen da 'yan sana'a ke yi a ko'ina.

A ganinmu amsar tana cikin raƙumi da diyya. A dokar gargajiya ta Somaliyawa, wadda suke rubutawa xeer, diyyar namiji raƙuma 100 ce, ta mace 50. Ba mutum ɗaya ke biya ba. Maza 'yan kaka ɗaya ta wajen uba, daga 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, suke haɗuwa su zama ƙungiyar biyan diyya, kwatankwacin abin da malaman fiƙihu ke kira aƙila. Tare suke biya, tare suke karɓa, tare suke ɗaukar fansa. A ƙasar da babu sarki mai dogarai, wannan ƙungiya ita ce garkuwar mutum. To ki dubi maƙeri. Rugar makiyaya ba ta buƙatar maƙera ɗari, gida ɗaya ko biyu sun ishe ta. Sana'ar da kanta ta warwatsa su, ba su taru wuri guda sun yi yawan da za a ji tsoronsu ba. Al'ada kuma ta hana su tara raƙuma. Wanda ba shi da raƙumi ba zai sa hannu a biyan diyya ba. Wanda bai biya ba, ba shi da baki a taron dattawa, sai dai ya raɓu da wani gidan makiyaya su yi magana a madadinsa. Idan aka kashe shi, ubangidan ne zai nemi diyya, mai ƙaranci, ya kuma ci rabonsa a ciki. Dukiyar aure ma da raƙuma ake kai ta, nan ƙofar surukuta ta rufe. Ɗan maƙeri ya auri 'yar maƙeri, ɗansu ya tashi kan zugazugi. Bayan wasu ƙarnuka sai a ce ai jininsu ne daban, a nemo labarin mushe a liƙa.

Abin da ke ƙarfafa wannan fahimta shi ne tsarin bai tsaya ga Somaliyawa ba. A Habasha akwai Fuga a cikin Gurage, akwai Manjo a ƙasar Kafa, akwai Wata da maƙeran da Oromo ke kira tumtu, kalmar da ke da tushe ɗaya da Tumal. Kowace al'umma da nata labarin laifin kaka, amma sana'o'in da ake warewa kusan iri ɗaya ne: ƙarfe, fata, yumɓu, jini. Ba zai yiwu kakannin dukansu sun ci mushe a rana ɗaya ba.

Tambaya daga wani dattijo a Kwarbai: Mu ma nan akwai gidajen da ba sa ba mahauci ko maroƙi 'ya. Ashe ba abu ɗaya ba ne?

Baba, da kama, amma da bambanci mai girma. Mu ma muna da sana'ar gado, muna da ɗan haye, kuma ba a ɓoye yake ba cewa wasu gidaje suna raina fawa da roƙo da kiɗa. M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a nan Zazzau, ya rubuta a kan wannan jerin daraja tun 1959. Sai dai a ƙasar Hausa mai sana'a yana da gida da gona da unguwa, yana da sarauta: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, duk da rawaninsu. Kasuwa da birni sun tara su wuri ɗaya, alƙali kuma ba ya rage diyyar wanzami. Ɗan mahauci in ya yi karatu ko ya yi arziki, jikansa ba lallai a tuna da fawa ba. Bagabooye kuwa ko ya zama likita, sunan zuriyarsa na biye da shi, domin yaron Somaliya yana haddace jerin kakanninsa na wajen uba tun yana ƙarami, kuma shi ake tambaya kafin aure. Wanda ya fi kama da nasu a kusa da mu shi ne maƙeran Abzinawa, inadan.

Wasu kan ce mazhaba ce: Somaliyawa Shafi'awa ne, kuma a wajen Shafi'i ana duba nasaba da sana'a a kafa'ar aure, mu kuwa Malikawa addini da kuɓuta daga aibi muke dubawa. Bambancin gaskiya ne, amma bai isa hujja ba. Abzinawa ma Malikawa ne, ga su da inadan. Kuma ko a wajen Shafi'awa kafa'a haƙƙin mace ne da waliyyinta, in sun yarda aure ya ɗauru. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Banu Bayada su yi auratayya da Abu Hind, shi kuwa mai ƙaho ne.

Tambaya daga wata ɗaliba a Kongo: Yanzu fa, abin ya sauya?

Ya sauya ta wani gefe, 'yar'uwa, ta wani gefen ya ƙara tsanani. Gwamnatin Siyad Barre, daga 1969 zuwa 1991, ta haramta ƙabilanci a baki, ta kuma ɗaga wasu daga cikinsu; Janar Muhammad Ali Samatar, wanda Batumale ne, ya yi ministan tsaro, ya yi mataimakin shugaban ƙasa, ya yi firayim minista daga 1987 zuwa 1990. Da gwamnatin ta faɗi, wannan kusanci ya zame musu laifi, musamman a arewa, kuma ba su da mayaƙan zuriya da za su kare su, da yawa suka yi gudun hijira. Kayan roba da takalman kanti kuma sun karya kasuwar jima da ƙira, sai aski da gyaran takalma da aikin ƙarfe suka rage, kamar yadda ake gani a unguwar Daami ta Hargesa.

A siyasa, tsarin rabon da ake kira 4.5, wanda aka fara aiki da shi tun taron Arta na Jibuti a 2000, ya ba manyan zuri'o'i huɗu kujeru 61 kowace a majalisar wakilai mai kujeru 275, ya bar 31 ga dukan tsiraru a haɗe, har da Jareer da mutanen biranen gaɓar teku. A Somaliland kuwa, yankin arewa da ya ɓalle yake mulkin kansa, a zaɓen 2021, Barkhad Batun, Bagabooye, ya ci kujerar majalisa a Hargesa da ƙuri'un da suka zarce na 'yan takarar manyan zuri'o'i, wato ba danginsa kaɗai suka zaɓe shi ba. Aure ne har yanzu bai motsa ba: saurayi da budurwar da suka tsallake wannan iyaka sukan gamu da tilasta saki, ko iyaye su yafe 'yarsu, wani lokaci har da duka da ƙona dukiya.