Amsa ga ƙanwar da mahaɗar Holliday ta hana barci

Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, kin ce saura mako biyu ki gabatar da semina, amma kin kasa gane yadda ake warware mahaɗar Holliday (wurin da zaren DNA na kromosom biyu ke sarƙewa da juna) a mayosis (rabuwar ƙwayar halitta da ke samar da ƙwai da maniyyi), wane yanka ne ke kawo musanya tsakanin kromosom na uwa da na uba, wane ne ba ya kawowa. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ramin da na afka ke nan.

Ni zanen littafi na haddace: mahaɗa biyu, in an yanka su ta fuska ɗaya babu musanya, in an saɓa fuskar yankan akwai musanya, kamar dai jefa kwabo. Na ɗora da cewa wani furotin mai suna RuvC ne almakashin. Ranar semina ana zafin Afrilu, wuta ta ɗauke, majigi ya mutu, ina riƙe da alli hannuna na karkarwa. Wani malami da ke zaune a baya ya bar ni na gama tsaf, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malama, yaushe bakteriya ta fara yin mayosis?" Aji ya kwashe da dariya. Bai gyara min ba, sai ma ya juya yana ba na kusa da shi labari. A adaidaita sahu na yi ta kuka daga Kabuga har Gwale, direban yana leƙena ta madubi, ya ɗauka rasuwa aka yi min. Har yau in na tuna cire tabaran nan sai raina ya ɓaci. Gaskiyarsa ce, RuvC na bakteriyar E. coli ne, ita kuwa ba ta yin mayosis, amma ai akwai yadda ake faɗa wa ɗaliba.

To kada ki maimaita kuskurena. Zanen Robin Holliday na 1964 da na mahaɗa biyu na su Szostak a 1983 tushe ne kawai. A mayosis ba caca ake yi ba. Furotin Spo11 yana karya DNA a wurare da yawa, amma da dama daga cikin karayar ana ɗinke ta tun da wuri ta hanyar SDSA (zaren da ya karye ya kwafi abin da ya rasa daga ɗaya kromosom ɗin, sannan ya koma wurinsa), ba musanya. Waɗanda suka kai matakin mahaɗa biyu, waɗanda furotin Msh4 da Msh5 suka riƙe, kusan dukansu musanya suke zama, kuma Mlh1 da Mlh3 tare da Exo1 ne ke wannan yanka mai karkata ga musanya. Aikin Allers da Lichten na 2001 a kan yis shi ya nuna cewa marasa musanya suna riga bayyana. Ki nemo shi ko da datarki za ta ƙare.

Mus81, Yen1 da Slx1-Slx4 masu share saura ne. Su kuwa Sgs1, Top3 da Rmi1, ki ɗauke su kamar mai tsefe kitso: suna tura mahaɗun biyu har su haɗe su zare, ba a yanka mahaɗar ba, ba musanya. Waɗannan sunayen na yis ne, a ɗan Adam Sgs1 shi ne BLM, Yen1 kuma GEN1. Ki rubuta wannan a gefen takarda, malamai suna son kama mutum a nan.

Af, ki ci abinci kafin ki shiga, ni da shayi kawai na je. Kuma za su tambaye ki amfanin abin: in babu musanya ko ɗaya, kromosom biyun ba su da abin da zai riƙe su a rabuwar farko ta mayosis, sai su iya tafiya gefe guda, irin abin da kan jawo kromosom na 21 ya zama uku.

Ni ban gane saɓa yankan ba sai da na sayo ulu ja da shuɗi a Kantin Kwari, na shimfiɗa a tabarma na yi ta yankawa, Umma tana faɗan na ɓata mata almakashi. Ragowar ulun yana nan a jakata, in kina cikin gari ki yi min magana mu haɗu ranar Asabar.