Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan bauta wa Allah da zuciya irin ta yaro

Salama a gare ka, ɗan'uwa. Ka ce ba ka fashin sujada, kana cikin mawaƙa, kana ba da zakka, amma kana jin abin ya zama sabo, wani lokaci ma don idon mutane kake yi. Ka kuma tambaya: da Yesu ya ce sai mun zama kamar ƙananan yara, yaya magidanci zai yi da wannan magana, ajiye hankalinsa zai yi?

A Matiyu 18:1-4 almajirai ne suka tambaya wa ya fi girma a Mulkin Sama, sai Yesu ya kira yaro ya tsai da shi a tsakiyarsu. Ba wai yara ba su da laifi ba ne. Duk mai ɗa ya san ɗan shekara uku yana ƙwace, yana musu. Yaro dai ba shi da matsayin da zai kare, kuma hannu banza yake zuwa ya karɓa. Dubi yadda Luka 18 ya jera abin: Bafarisiye, mai tsananta bin Shari'ar Musa, yana lissafa azuminsa da zakkarsa, sannan yaran da aka kawo wa Yesu, sannan mai mulkin nan da dukiya ta hana shi bi. Biyu masu cikakken hannu, yara a tsakiya.

Hankali kuwa ba a ajiye shi. A 1 Korantiyawa 14:20 Bulus ya ce wajen mugunta mu zama jarirai, wajen tunani mu zama manya. An yabi mutanen Biriya don kullum suna bin Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Saboda haka buɗe wa Allah zuciya daban, buɗe kunne da aljihu ga duk mai cewa "Ubangiji ya gaya mini" daban.

A aikace, daga addu'a ake farawa. Keɓe minti 10 zuwa 15 a lokaci guda kullum, ƙofa a rufe yadda Matiyu 6:6 ya ce, waya a wani ɗaki. Kafin ka shiga kalmomin da ka saba, faɗi abin da ke ranka da irin bakin da kake magana da shi a gida. Nan yawancinmu muke tuntuɓe: muna da muryar addu'a ta musamman, da zarar mun ɗauke ta sai gaskiya ta tsaya a waje. "Ka gafarta mini zunubaina na sani da na rashin sani" ba ya taɓa kome, domin bai kama sunan kome ba. Ka ce, "Jiya na muzanta abokin aikina a gaban mutane don ina kishinsa." Jimla ɗaya ce, amma za ka ji nauyinta a harshe, kuma alkawarin gafara na 1 Yahaya 1:9 na mai furtawa ne. In fushi kake yi da Allah, ko shakka ta kama ka, faɗa masa. Zabura 13 da "har yaushe" ta fara, Zabura 88 cikin duhu ta ƙare, duk an bar su cikin Littafi Mai Tsarki. Mahaifin yaron nan na Markus 9:24 ya ce ya ba da gaskiya, a numfashi guda ya roƙi a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa ya warkar masa da ɗa.

Maganin riya shi ne ɓoyo. Sau ɗaya a mako ka yi alheri guda da ba mai sani: biya wa wani bukata ta hannun da ba za a gane ka ba, ko ka yi aikin ikilisiya da ba a gode wa mai yinsa. Bayan kwana biyu ko uku bakinka zai yi ƙaiƙayi, ka so ka saka labarin cikin hira, ko ka mai da shi shaida. Ƙarfin ƙaiƙayin nan shi ne ma'aunin yadda yabo ya kama ka. Ka yi shiru. Ka tuna Hananiya da matarsa Safiratu, da suka sayar da gona suka kawo wa manzanni wani kashi na kuɗin: Bitrus ya gaya wa Hananiya gonar tasa ce, kuɗin ma a hannunsa suke. Laifinsu ƙarya ce, sun so a ɗauka duka suka kawo.

Da dare, minti 5, tambaya uku: ina na nuna abin da ba ni ba ne yau, wa na ɓata wa rai, me na samu ban gode ba? Wanda ka ɓata wa, neme shi kafin rana ta sake faɗuwa, domin kowane kwana da aka ƙara, zuciya tana ƙara tara hujja. Ka ba da haƙuri babu "amma", babu "idan na yi maka laifi". Yara kan yi faɗa da safe, da hantsi su koma wasa tare.

Akwai tarko biyu. Na farko, ka ce za ka bar waƙa sai ranar da niyyarka ta zama tsantsa. Kada ka bari. Niyyar kowa a gauraye take, kuma cikin hidima ake tace ta. Kafin ka miƙe tsaye ka ce a zuci, "Uba, ina son a yabe ni, ka sani, ka karɓi waƙar duk da haka," sannan ka rera. Na biyu, ka ɗauka buɗe zuciya yana nufin zube sirrinka a gaban kowa. Yaƙub 5:16 ya ce mu furta wa juna, amma zaɓi mutum ɗaya ko biyu da suka girma cikin bangaskiya, masu riƙe amana, namiji ga namiji, mace ga mace, ku riƙa zama sau ɗaya a wata. Ka ba shi izini tun farko ya yi maka tambayar da ba ka so.