Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sami Nina a Fim ɗin Black Swan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli wani fim ɗin Amurka mai suna Black Swan har sau biyu, amma ƙarshensa ya ɗaure mini kai. Shin yarinyar nan Nina ta kashe abokiyar aikinta ne, ko ba ta kashe ta ba? Fuka-fukan da suka tsiro mata a kan dandamali kuma, aljanu ne suka shige ta ko hankalinta ne ya taɓu? Ƙawata ta ce abin da fim ɗin yake koyarwa shi ne mutum ba ya kaiwa ƙololuwar gwaninta sai ya sayar da ransa. Haka ne? Daga wata ɗalibar jami'a, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Duk wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani cewa amsar nan za ta tona ƙarshen labarin.

Darren Aronofsky ne ya ba da umarnin fim ɗin, an fara nuna shi a bikin fina-finai na birnin Venice da ke Italiya a shekarar 2010, kuma Natalie Portman ce ta fito a matsayin Nina, 'yar rawar bale a wani kamfanin rawa na birnin Niyok. Bale rawa ce ta Turai wadda ake ba da labari da ita ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba, mata kuma kan yi ta a tsaye a kan tsinin yatsun ƙafa, cikin wani takalmi da aka ƙarfafa bakinsa da yadi da takarda da manne. Ba za a gane fim ɗin ba sai an san wasan da Nina take shirin yi, wato Swan Lake, wanda mawaƙin Rasha Tchaikovsky ya tsara kiɗansa, aka fara nuna shi a gidan wasan Bolshoi na birnin Mosko a 1877. Labarin wata gimbiya ce mai suna Odette, wadda wani matsafi ya mayar da ita farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, kuma babu abin da zai karya sihirin sai alkawarin soyayya na gaskiya. Wani yarima ya kamu da sonta, sai matsafin ya kawo masa Odile cikin baƙaƙen kaya, mai kama da Odette kamar an tsaga kara, ta yaudare shi ya yi mata alkawarin da ya kamata ya yi wa waccan. Bisa al'adar masu wannan rawa, mace ɗaya ce take fitowa a matsayin farar da baƙar a dare guda, kuma a nan wahalar take.

Nina ta iya rawar farar tsuntsuwa fiye da kowa, domin halinta ke nan: kunya, tsoro, da kiyaye kowane taku kada ya kauce ko da ƙiris. Mai horar da su, Thomas, ya sha gaya mata cewa baƙar ba ta samuwa ta hanyar kiyaye ƙa'ida, sai mai rawa ta saki jikinta. Ana cikin haka Lily ta zo kamfanin, yarinyar da takunta bai kai na Nina daidaito ba, amma tana rawa kamar ba ta damu da idon kowa ba.

Amsar tambayarki ta farko a fili take: Nina ba ta kashe kowa ba. A daren farko na wasan ta ga kamar Lily tana zaune a ɗakinta na sauya kaya tana shirin karɓe mata matsayi, suka yi kokawa, madubi ya fashe, ta soke ta da ɓallin gilashi ta ɓoye gawar. Bayan ta gama rawar baƙar tsuntsuwa sai ga Lily da ranta ta ƙwanƙwasa ƙofa tana taya ta murna. Da Nina ta duba ba ta ga gawa ba, ɓallin gilashin kuwa a cikinta ta same shi. A haka ta koma dandamali ta ƙarasa wasan, ta faɗa kan katifar da aka shimfiɗa a bayan fage jini yana malala a farar rigarta, tana cewa rawar ta fita babu aibi ko ɗaya. Daga nan hoton ya koma fari fat, kuma mai fim ɗin da gangan ya ƙi bayyana ko ta mutu ko ta rayu.

Batun aljanu kuwa, na fahimci abin da ya sa tunaninki ya je can, domin a wurinmu mace mai ganin abin da wasu ba sa gani, wadda kamanninta suke sauyawa a tsakiyar kiɗa, nan da nan za a ce iskoki ne. Amma fim ɗin da kansa ya rufe wannan ƙofa. Lokacin da fuka-fukan suka rufe hannayen Nina, an juya kyamara an nuna ta yadda 'yan kallo suke ganinta, da hannayenta na mutane, sai dai inuwarta a bango ce mai fuka-fukai. Haka nan zanen fuskokin da ta ga suna motsi a ɗakin mahaifiyarta, da fatar yatsa da ta ga tana ɓarewa sannan ta duba ta ga babu rauni, duk gane-gane ne na ƙwaƙwalwar da ta fara rabuwa da zahiri. Dabarar da Aronofsky ya yi ita ce ya sa kyamara tana bin Nina a ƙeya kusan ko'ina, ta yadda mai kallo ba ya ganin komai sai abin da ita take gani, don haka ruɗewar da kika yi ita ce ainihin abin da aka shirya ki ji. Ki lura kuma da yawan madubai, a ɗakin atisaye da banɗaki da tagar jirgin ƙasa, domin mai rawar bale tana shafe rayuwarta ne tana farautar kuskurenta a madubi. Kada dai a ɗauki fim ɗin littafin likita, domin ya tara alamomin larurori daban-daban, ƙin cin abinci da amai da yaƙushin jiki da mugun zargi da gane-gane, ya ɗora wa mutum ɗaya cikin 'yan makonni saboda labari ya yi zafi.

Inda na saɓa da ƙawarki shi ne fassarar da ta yi. Na yarda cewa ƙarshen fim ɗin yana da kwarjinin da zai sa mutum ya ɗauka ana yabon abin da Nina ta yi wa kanta, kuma wannan yana cikin abin da nake zargin mai fim ɗin da shi, domin ya ƙawata halakar da kiɗa mai daɗi da tafin jama'a. Amma idan aka bi labarin a tsanake za a ga cewa Nina ta shigo da ciwonta tun kafin a ba ta matsayin. Mace ce baliga, tana kwana a ɗaki mai ruwan hoda cike da 'yan tsana, mahaifiyarta tana yanke mata farce tana cire mata kaya kamar 'yar goye, kuma ƙofar ɗakin ba ta da makulli. Ita uwar tsohuwar 'yar rawa ce da ta bar sana'ar lokacin da ta sami cikin Nina, ta ɗora wa 'yarta tilo burin da ita ba ta cimma ba tare da haushin rasa shi. Thomas kuwa, wanda wasu masu kallo suke yi wa kallon gwanin malami, mutum ne da yake fakewa da koyarwa yana taɓa jikin ɗalibarsa, kuma ya riga ya yi watsi da Beth, tauraruwar da ta gabaci Nina, da zarar shekarunta sun ja. Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma Nina ta ga yadda Beth ta ƙare a gadon asibiti, duk da haka ba ta fasa bin hanyar da Beth ta bi ba. Abin da take kira kamala shi ne kada uwa ko malami ko madubi su sami abin kushewa a jikinta, kuma wannan ma'auni a hannun wasu yake, ko ta wuni tana atisaye ba za ta mallake shi ba. Ga Lily nan cikin fim ɗin, tana rawar da Thomas yake yabawa, tana cin abincinta tana dariya, ba ta zubar da jinin kowa ba.

TAMBAYA: Malam, da gaske Natalie Portman ce ta yi duk rawar da ke cikin Black Swan? Kuma ya dace a kalle shi tare da iyali? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, ba ita ta yi duka ba, kuma maganar ta jawo taƙaddama. Portman ta koyi bale tana ƙarama, sannan ta shafe kimanin shekara guda tana horo saboda fim ɗin, wanda ya sa ta lashe kyautar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa a 2011. Bayan haka Sarah Lane, ƙwararriyar 'yar rawa a kamfanin American Ballet Theatre a wancan lokacin, wadda ta tsaya a madadinta a wuraren da suka fi wuya, ta ce kaɗan ne daga cikin hotunan da suka nuna jiki gaba ɗaya na Portman ne, kuma an ɗora fuskar Portman a kan jikinta ta hanyar kwamfuta. Aronofsky ya mayar da martani cewa cikin hotunan rawa 139, guda 111 na Portman ne ba a taɓa su ba. Ni a ganina kowannensu yana da gaskiyarsa, domin ƙidayar hotuna daban, nauyin takun da ke cikin kowane hoto daban, kuma shekara guda ba ta mayar da mutum abin da wasu suka fara tun suna yara ƙanana.

Game da iyali kuwa, amsata a'a ce. Akwai wuraren batsa a fili, da shan ƙwaya, da mutane suna ji wa kansu rauni ta yadda ko babba zai kawar da kai, kuma a Amurka ma an sa shi cikin rukunin da wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga sinima ya kalla sai tare da babba.