Amsoshin Malam: Waziri, 'Yan Ubanci da Daula

Tambayoyin wannan makon duk sun taru kan kalmomin sarauta, to bismilla.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: Malam, shin "waziri" Hausa ce, kuma daidai ne a ce ma'anarta mataimakin sarki?

Aro ce daga Larabci, ɗana, wannan ko ɗan Islamiyya ya sani, tunda a suratu Ɗaha Annabi Musa ya roƙi Allah Ya sanya masa waziri daga iyalinsa, wato ɗan'uwansa Haruna. Malaman lugga da yawa suna danganta ta da "wizr", kaya mai nauyi, don waziri ke ɗauke wa sarki nauyin mulki. Amma "mataimaki" ta yi masa kaɗan, kuma wasu masu fassarar labarai ne suka jawo masa wannan raini. Mataimaki jira yake a ce masa yi kaza. Waziri kuwa hatimi na hannunsa, baitulmali na hannunsa, wasiƙa ba ta fita sai ta bi ta gabansa.

A daular Abbasiyawa ne muƙamin ya yi fiffike, kuma tun ranar farko da jini ya zo. Abu Salama Al-Khallal, wanda ake wa laƙabi da wazirin iyalan Muhammadu, ya sha wahalar kafa daular, amma a 750, 'yan watanni bayan an yi wa Saffah, halifansu na farko, mubaya'a, aka tare shi da dare aka kashe. Sai Baramika, waɗanda ba na gajiya da labarinsu. Asalinsu mutanen Balkh ne, kakanninsu masu kula da wani ɗakin bautar mabiya Buddha da ake kira Naubahar. Yahaya ɗan Khalid, ɗan wannan gida, shi ya rene Halifa Haruna Rashid, har Haruna na ce masa baba. Daga 786 zuwa 803 Yahaya da 'ya'yansa Fadlu da Ja'afar su ke juya ƙasa. Ja'afar shi ne abokin hirar halifa na dare, ba a shamaki tsakaninsu. A farkon 803, suna dawowa daga aikin hajji, Haruna ya aiki bawansa Masrur ya fille wa Ja'afar kai a kusa da Anbar, aka rataye gawar a gadojin Bagadaza, aka ƙwace dukiyar gidan kaf. Yahaya ya rasu a kurkuku a 805, Fadlu ya bi shi a 808. Masu son labari mai gishiri suna cewa auren ɓoye ne tsakanin Ja'afar da Abbasa, 'yar'uwar halifa, ya jawo. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya yi watsi da wannan, ya ce sun kankane mulki da kuɗi ne har halifa ya zama kamar baƙo a gidansa, ni ma a nan na tsaya. Ka gaya mini, wane mataimaki ake wa haka? A nan gida ma, duba Waziri Giɗaɗo ɗan Laima a zamanin Sarkin Musulmi Bello: shi ke yawo tsakanin Sakkwato da masarautu da umarni a hannu, sarautar kuma ta zauna a gidansa.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambaya: Me ya sa "ɗan'uwa" ke nuna ƙauna, "ɗan uba" ke nuna gaba, alhali duk jini ɗaya ne?

Malama, ai amsar tana cikin gidajenmu. Wanda kuka sha nono ɗaya da shi ɗakinku ɗaya. Wanda kuka haɗa uba kaɗai, kishin iyaye mata kuka gada, ga kuma gado a tsakani. Daga nan "'yan ubanci" ta fito, har ta zama sunan kowace gasa mai ɗaci tsakanin makusanta. In kina neman misalin da za ki ba ɗalibai, 'ya'yan Haruna Rashid sun isa. Ma'amun ya girmi Amin da 'yan watanni, amma uwarsa Marajil sa-ɗaka ce, Amin kuwa ɗan Zubaida ne, jinin gidan sarauta. Aka sa Amin gaba, aka ba Ma'amun Khurasan da alkawarin gadon mulki bayansa, aka rubuta takardu a hajjin 802 aka rataye cikin Ka'aba. Uban na rasuwa a Tus a 809, ba a jima ba Amin ya cire sunan yayansa daga huɗuba ya sa na ɗansa Musa. Ɗahiru ɗan Husaini, sarkin yaƙin Ma'amun, ya karya rundunar Amin kusa da Rayyu a 811, ya yi wa Bagadaza ƙawanya kusan shekara guda, aka kashe Amin a 813. Ba a sarki biyu zamani ɗaya.

Tunda na ambaci sa-ɗaka, bari in yi ƙorafi. Samarin yanzu sun mayar da "kwarkwara" sunan farka ko daduro. Ba haka ba ne. Kwarkwara baiwa ce da ubangidanta ya sa ɗaka, ɗanta kuma ɗa ne cikakke mai gado da sarauta. Yawancin halifofin Abbasiyawa 'ya'yan sa-ɗaka ne, Haruna kansa ɗan Khaizuran ne. Duk wanda ya haɗa wannan da zaman banza ya zagi sarakuna da yawa bai sani ba.

Wani ɗan kasuwa daga Kumasi: "Daular Abbasiyawa" da "wane yana cikin daula", kalma ɗaya ce?

Ɗaya ce, Alhaji. Asalinta a Larabci juyi ne, zagayowar lokaci daga hannun wasu zuwa wasu, Abbasiyawa suka kira hawansu da ita, ta zama sunan mulki. Bahaushe ya ƙara mata jin daɗin da ke biyo mulkin.

Wani daga Gombe: Mece ce ma'anar "sarki goma zamani goma"?

Kowane mai mulki da salonsa da mutanensa. Yahayan da na ambata yana tsare a hannun Halifa Hadi, yayan Haruna, don ya ƙi yarda a ture Haruna daga gado. Hadi na mutuwa a 786 ya fito daga tsare ya zama waziri. Sai dai ina jin 'yan siyasa na jawo karin maganar don su ce lokacinsu ne na ci. Wannan "kowa ya samu rana sai ya yi shanya" suke nufi, su daina wahalar da sarki goma.

Wani kuma ya ce: "Yarima" Larabci ce?

A'a, daga Barebari muka aro ta, ita da Galadima da Ciroma.