Lambobin kartar tarot da hisabinmu

Ɗana, jiya da muna gyaran alƙaluma ka ce ka ga Turawa a waya suna duba da karta, suna haɗa lambobi, ka tambaye ni ko shi ne hisabin da nake koya maka, na ba haruffan Larabci lamba. Akwai dangantaka, amma ta nesa ce.

Kartar nan, tarot, guda 78 ce. 56 an kasa su gida huɗu, kofi da takobi da sanda da tsabar kuɗi, kowane gida daga 1 zuwa 10 sai manya huɗu. Ragowar 22 su ne masu zane na musamman. A arewacin Italiya aka fara yin ta wajen 1440, kuma ta wasa ce. Da aka zo sa mata lambobi, amfaninsu a san wacce ke cinye wacce. Sai a 1781 wani Bafaranshe ya ce wai sirrin Misira ta dā ne a ciki. Bayansa, wajen 1855, wani Bafaranshen, Eliphas Levi, ya ɗaura 22 ɗin nan a kan haruffan Ibrananci 22. To nan muka yi kusa da su, domin jerin alef, bet, gimel, dalet shi ne abajada, jerin haruffan Larabci da ka haddace.

Masu duba da ita a yau suna cewa 1 farawa ce, 4 zama daram, 5 rikici, 10 cikawa. Suna kuma narkar da lamba: karta ta 13, mai hoton mutuwa, 1 da 3 sun zama 4, sai su jingina ta da karta ta 4, mai hoton sarki. Amma ka lura da wannan. A 1909 aka buga wata a Landan, aka musanya ta 8 da ta 11 don su dace da lissafin taurarin masu ita. Abin da mutum zai ɗaga da hannunsa ya sauya masa mazauni, ta yaya zai gaya maka gobenka? Gaibu na Allah ne, ni ban taɓa karɓar sisin kowa da sunan na san shi ba.

Namu aikin na marubuta, harafi ma'ajiyar lamba ne. Magabata in sun gama waƙa ko littafi sai su rufe da ramzi, kalma ɗaya mai ɗauke da shekara. Inda almajirai ke faɗuwa shi ne jadawalin lambobin haruffan iri biyu ne. Mutanen Gabas shinun 300 ne a wajensu, sinun 60. Mu da muka gaji hanyar Magrib, shinun 1000 ne, sinun 300, sadun 60, ladun 90. Ɗauki shinun, ra, lamun, ba: 1000 da 200 da 30 da 2, ka sami 1232, shekarar Hijirar da Shehu Usmanu ya rasu. Ka ƙirga da na Gabas, 532 za ka samu, ka jefa Shehu baya da shekara 700. Ni ma na taɓa yin irin wannan kuskure ina yaro, malamina ya sa na wanke allon gaba ɗaya, na kwana ina maimaita jadawali.

Gobe bayan asuba ka zo da allonka. Ka rubuta jadawalin biyu gefe da gefe, ka ja layi ƙarƙashin haruffa shida da suka saɓa, sannan in ba ka ƙarshen wata tsohuwar takarda ka fitar mini da shekararta.