Lumix G7 da hoton biki a Maradi: wane objektif zan fara saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton biki da suna a nan Maradi, wani lokaci har Tibiri da Madarunfa. Kyamarata Panasonic Lumix G7 ce, da objektif ɗin da ta zo da shi, 14-42mm. Da rana lafiya lau, amma da an shiga ɗakin amarya ko magariba ta yi, sai hoto ya fito da yashi-yashi, fuskoki su yi dishi-dishi. Na tara jaka 250. Wani abokin sana'a ya ce in sayi dogon zum, wani ya ce in sayar da kyamarar in koma babba. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka sayar da kyamarar, kada kuma ka fara da dogon zum. Ƙarancin haske ne ke damunka, ba nisa ba, dogon zum mai araha kuwa babu abin da zai ƙara maka a ɗaki sai duhu.

Duba bakin objektif ɗinka, za ka ga an rubuta 1:3.5-5.6. Wannan lamba ita ce faɗin ƙofar da haske ke bi, kuma girman lambar shi ne ƙanƙantar ƙofar. A 14mm tana buɗewa har f/3.5, amma da ka murɗa zuwa 42mm don ka jawo fuskar amarya, sai ta tsuke ta koma f/5.6. A nan kyamara ba ta da zaɓi: ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin da take ƙara wa ɗan hasken da ya shigo, zuwa 6400, yashi ya cika hoton, ko ta rage saurin shata, ƙyauren da ke buɗewa ya rufe, zuwa 1/15 na sakan, duk wanda ya motsa ya narke. Objektif mai f/1.7 yana shigo da haske kusan ninki goma na f/5.6. Hoton da ka ɗauka a 1/125 da ISO 6400, shi zai ba ka a 1/125 da ISO wajen 640, wanda G7 ke fitarwa tsaf.

Kafin ka zaɓi lamba, ka riƙe lissafi ɗaya. G7 tana cikin tsarin Micro Four Thirds, wanda Panasonic da Olympus suka fitar a 2008, kuma sensarta, wato farantin da hoto ke sauka a kai, milimita 17.3 ce a faɗi, 13 a tsayi. Saboda haka kowace lambar mm ta objektif ninka ta ake yi sau biyu idan ana kwatanta ta da manyan kyamarori: 25mm a wurinka shi ne 50mm ɗinsu, 42.5mm shi ne 85mm. A nan mutane ke asarar kuɗi. Mutum ya ji ana yabon 50mm a YouTube, ya sayo, ya ɗora a G7, sai ya tarar ya zama 100mm, ko ya jingina da bango ba ya iya haɗa mutum biyu.

To ga yadda abin yake a cikin ɗaki. Ka ɗauka tsakaninka da mutane mita 3 ne, kuma ɗakin amaryar da gado da kabad da jeren kwanuka suka cinye ba kasafai yake barin fiye da haka ba. A wannan tazara 14mm yana ɗaukar faɗin kusan mita 3.7, shi kuwa 25mm mita 2 da ɗan kaɗan, wato mutum huɗu kafaɗa da kafaɗa. 42.5mm bai wuce mita 1.2 ba. In kana son amarya tsaye daga ɗankwali har takalmi da shi, sai ka ja baya kusan mita 5, wato aikin tsakar gida ne.

Abin da muke ba ka shawara ka fara da shi Panasonic 25mm f/1.7 ne. Yana cikin mafi araha a tsarin, nauyinsa gram 125, fokas ɗinsa da sauri kuma ba ya ƙara, bakinsa 46mm ne. Amma kafin ka biya, buɗe hotunan bukukuwanka na baya ka duba bayanan da kyamara ke rubutawa a kan kowane hoto. In ka ga yawancin waɗanda masu biki suka zaɓa a tsakanin 14 da 18mm ka ɗauke su, 25mm zai matse ka. Sai ka nemi Panasonic Leica 15mm f/1.7, wanda ya fi tsada, ko Sigma 16mm f/1.4, mai kyau ƙwarai amma nauyinsa ya kusa na kyamarar kanta. Akwai kuma 20mm f/1.7, ɗan falange mai kaifin hoto wanda mutane ke so, sai dai fokas ɗinsa na da nawa, motarsa kuma tana shiga cikin sautin bidiyo. Ga wurin da yara ke guje-guje ana guɗa, ba mu yaba shi ba.

Na biyu shi ne na fuska, kuma a nan irin kyamararka ce ke yanke hukunci. Objektif ɗin Olympus, wanda yanzu ake kira OM System, yana hawa G7 ba tare da adafta ba, fokas da komai na aiki. Za ka yi ta cin karo da Olympus 45mm f/1.8 na hannu, kuma gilashi ne mai kyau. Matsalar ita ce Olympus a jikin kyamara take sa abin hana girgiza, G7 kuwa ba ta da shi a jiki, a objektif take nemansa. Ka ɗora mata 45mm ɗin, babu mai riƙe maka rawar hannu, bidiyo zai yi ta kakkarwa. Panasonic 42.5mm f/1.7 yana da Power O.I.S., wato abin hana girgiza, a cikinsa, kuma yana yin fokas tun daga santimita 31, wanda zai ishe ka ɗaukar lalle, zobe da sarƙa kusa-kusa. Ko ya ɗan fi tsada, shi ya dace da kai. Da GX80 ko G80 kake riƙe, ko wata Olympus, masu hana girgiza a jiki, da sai mu ce ɗauki duk wanda ya fi sauƙi. Shi ma 25mm ɗin ba shi da O.I.S., don haka kada ka sauka ƙasa da 1/60 da shi.

Ka lura, hana girgiza hannunka kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da mai rawa. Mutum a zaune 1/125 ya wadatar, filin rawa kuwa sai 1/250 zuwa sama.

Ga kuskuren da kusan duk wanda ya sayi f/1.7 ke faɗawa a makon farko: barin ƙofa a buɗe wagege a kowane hoto. Da 42.5mm a f/1.7, daga mita 2, abin da ke fitowa tar bai fi santimita 11 ko 12 ba. In ango ya ɗan tsaya bayan amarya, ɗayansu zai yi dishi. Da 25mm a mita 3, wannan zurfin wajen santimita 70 ne, layi ɗaya kenan. Dangin ango sun jeru layi biyu ko uku? Tsuke zuwa f/4, zurfin ya kai kusan mita 2, ka sa fokas a layin gaba. Hasken da ka rasa kuma filashi ne zai biya, shi ya sa muke cewa ka ware wani abu daga kuɗinka ka sayi filashi mai juya kai, wanda aka yi don Panasonic da Olympus. Ka harba shi sama in silin fari ne. In kwano ne tsirara, ko an shafe ɗakin da kore ko shuɗi, launin zai dawo kan fuskoki, gara ka ɗaura masa farin kati ko ƴar hular tausasa haske. Da filashi G7 ba ta wuce 1/160. Hoton taron jama'a a matsattsen wuri kuma 14-42 ɗinka ne zai yi shi, a 14mm da f/5.6, don haka kada ka rabu da shi. Ka dai guji sa mutane a can gefen hoto, 14mm yana faɗaɗa fuskar na gefe, uwar amarya kuma ba za ta yafe ba.

Dogon zum na da ranarsa: hawan salla a ƙofar fada, filin kokowa, sukuwar dawaki. Panasonic 45-150mm f/4-5.6 mai O.I.S. ya isa, gram 200 ne kawai, yana ba ka kwatankwacin 90 zuwa 300mm. Doki a guje yana son 1/1000, da rana kuma wannan ba wahala. Sai dai shi ne na ƙarshe a layi, in kuɗi sun ragu.

Wani zai ce me ya hana ka haɗa kuɗin duka ka sayi Panasonic 12-35mm f/2.8 ka huta da canje-canje? Hujjarsa tana da ƙarfi a garin nan. Kyamara marar madubi, da ka cire objektif sensa a fili take, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ƙurar hunturu ba ta jira. Amma f/1.7 ya fi f/2.8 haske kusan ninki uku, kuma ko na hannu ne zai iya lashe abin da ka tara ya bar ka ba filashi. An yi masa roba mai hana ƙura, gaskiya ne, amma jikin G7 ba shi da ita. In bidiyo ya fi yawa a aikinka, shi ne zaɓi. In hoto ne, mun fi karkata ga ƙananan biyu, 25mm da 42.5mm. Sai ka koyi canji: kashe kyamara, juya wa iska baya, bakin kyamara na kallon ƙasa, sabon objektif a shirye a hannu kafin ka cire tsohon. Ka riƙa yawo da famfon roba na hura iska, ka hure gilashi kafin ka goge. Wanda ya goge ƙurar Maradi da bakin riga, yashi ya murza a kan gilashinsa. Kada kuma ka bar jakar aiki cikin mota ko akwatin babur a zafin Afrilu.

Rana ma tana da nata sharaɗi. Da tsakar rana a ISO 200, f/1.7 na buƙatar saurin da ya kai 1/16000, shatar G7 ta ƙarfe kuwa a 1/4000 ta tsaya, sai farar shadda ta ƙone ba a ganin aikin da ke jikinta. Ko ka koma shatar lantarki, ko ka sa filtar ND8 mai rage haske, wadda za ta dawo da kai wajen 1/2000. Bakin 42.5mm 37mm ne, na 25mm kuwa 46mm, saboda haka sayi filta ɗaya ta 46mm da zoben da ke haɗa 37 da 46. Da dare kuma ka guji shatar lantarki, domin ƙarƙashin wasu fitilun LED tana jawo ratsi-ratsi. A bidiyo tsaya a 1/50 ko 1/100 don kada hasken fitila ya yi ta ƙyaftawa, tunda wutarmu mai 50Hz ce.

Saura sayen na hannu, ko daga Kano aka kawo ko daga Yamai. Tabbatar an rubuta MICRO a tambarin da ke jikinsa. Akwai tsohon tsarin Four Thirds na manyan kyamarori, sunan kusan ɗaya, amma ba ya hawa sai da adafta, fokas kuma ya yi ta jan ƙafa. Sigma ma tana yin objektif iri ɗaya da gindi daban-daban, na Sony ba zai shiga taka ba. Je da kyamararka. Haska fitilar waya ta bayan gilashin ka leƙa: ƴan ƙwayoyin ƙura ba komai, amma zare-zare farare ko hazo a ciki fumfuna ce, an fi samunta a kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku, ka ajiye masa abinsa. Ɗauki bangon bulo daga mita 2 a f/1.7, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗu. In gefe ɗaya ya yi laushi ɗayan na tar, objektif ɗin ya sha ƙasa. Gwada fokas kusa da nesa sau da yawa, ka saurari ko yana gurnani. Mai O.I.S. yakan ɗan yi ƙwal-ƙwal in an girgiza shi a kashe, wannan ba lalacewa ba ce, amma da an kunna kyamara ya kamata ya yi shiru, hoton da ke allo kuma ya tsaya cak in ka danna maɓalli rabi.