Tambaya da Amsa: Danna Tsirkiya Tsakanin Bugu Biyu

Tambaya: Malam, ina koyon jita, kuma na fara salon danna tsirkiya a wuyan jita da yatsun hannu biyu, wanda Eddie Van Halen ya yi suna da shi tun 1978. Sai dai duk lokacin da ya kamata sauti ya faɗa tsakanin bugu biyu, sai lissafi ya kwance mini. Ina mafita? Daga mai karatu a Damagaram.

Amsa: Galibi laifin ba na yatsu ba ne, kunne ne bai zauna a kan bugun ba tukuna. Ka saita na'urar ƙidayar bugu a kan 60 a minti, ka riƙa taka ƙafa tare da ita kana faɗin "ɗaya da biyu da uku da huɗu da", sannan ka danna tsirkiya a gaɓa ta 12 (gaɓoɓi su ne rabe-raben da ƙananan ƙarafa suka yi a wuyan jita) da yatsan tsakiya na dama a kan kowane "da" kaɗai, wato lokacin da ƙafarka take sama, ka fizge shi domin sautin ya koma gaɓa ta 5 inda manunin hagu yake riƙe. Ka lura da fizgewar, domin a nan masu koyo suka fi yin gaggawa. Tafin dama kuma ya kwanta a kan tsirkiyoyin da ba a kaɗawa, don kada su yi gunji.

Idan wannan ya zauna, sai ka raba ƙidayar nan takwas, wato lambobi huɗu da "da" huɗu, gida uku: uku, uku, biyu, kana ƙarfafa farkon kowane gida. A ganina, kada ka ƙara sauri sai ƙafarka ta daina bin yatsanka.